Ina Ungozoma Take Kwana? Muhalli da Aljihun Ma'aikatan Lafiya

Idan malamin kimiyya ya umarci ɗalibansa su lissafa kayan aikin da ƙaramin asibiti yake buƙata, ba za su sha wata wahala ba. Wannan zai ce allura da sirinji, wancan ya ce ma'aunin zafin jiki, wata ta ce gadon haihuwa da firijin ajiye magungunan rigakafi, mai zurfin tunani daga cikinsu ya ƙara da rijiya da wutar lantarki. Da wuya a sami wanda zai ambaci ɗakin da ungozoma za ta kwana a ciki, balle kuɗin motar da zai kawo ta bakin aiki. A ganin akasarin jama'a, waɗannan al'amura ne na cikin gidan ma'aikaci, babu abin da ya haɗa su da ilimin likitanci. Amma binciken da masana suka yi ta gudanarwa tun daga shekarun 1990 ya nuna cewa makwancin ma'aikacin lafiya da halin da aljihunsa yake ciki suna daga cikin sabubban da kan sa majiyyaci ya tashi, ko kuma a rasa shi.

Lissafin jini da lissafin tafiya

Domin a fahimci haka, ya kamata mai karatu ya fara sanin abin da yake faruwa a jikin mace lokacin haihuwa. A ƙarshen goyon ciki, jinin da yake ratsa mahaifa yakan kai rabin lita ko fiye a kowane minti guda. Da zarar jariri ya faɗo, mabiyiya ta rabu da bangon mahaifa, sai jijiyoyin da suke kai mata jini su kasance a buɗe. Abin da yake rufe su shi ne tsukewar da naman mahaifar yake yi, ya matse su kamar yadda ake ɗaure bakin salka. Idan kuwa mahaifar ta saki ba ta tsuke ba, to jini ya ɓalle ke nan. Likitoci sun ƙayyade cewa zubar da ta kai mililita 500 cikin awa 24 bayan haihuwa ta wuce misali, alhali jinin mai ciki duka-duka bai fi lita 5 zuwa 6 ba. Saboda haka ne mace mai ƙoshin lafiya take iya rasa ranta cikin awa 2 kacal idan ba a kai mata ɗauki ba.

Maganin wannan matsala ba ɓoyayye ba ne, ba kuma mai tsada ba ne. Akwai allurar oksitosin wadda take sa mahaifa ta tsuke, akwai murza mara da hannu, akwai ƙarin ruwa ta jijiya. A shekarar 2023 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji da aka yi a asibitoci 80 na ƙasashen Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano, tana cikin jagororinsa. An shimfiɗa wa masu haihuwa wata leda mai ma'auni da take tara jinin, ta yadda ungozoma za ta ga adadinsa da idonta ba sai ta kintata ba, sa'an nan aka riƙa haɗa magungunan a ba da su gaba ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya. Ta haka aka rage munanan sakamakon zubar jini da kimanin kashi 60 cikin 100.

To, amma ledar ba ta shimfiɗa kanta, allurar kuma ba ta tsira kanta. Dole sai da hannun wanda ya iya, kuma a cikin wannan ɗan taƙin lokaci. Ga shi naƙuda ba ta san lokacin tashi daga aiki ba. Hasali ma haihuwar da ta zo da kanta ta fi aukuwa da tsakar dare zuwa asuba. Idan ungozomar ƙauye tana haya a hedikwatar ƙaramar hukuma, tazarar kilomita 30 a kan hanyar da ba ta da kwalta, to asibitin nan na rana ne kawai. Da magariba ta yi za a garƙame shi, ko a bar shi a hannun maigadi. Tun a 1994 wasu masana biyu, Thaddeus da Maine, suka kasa jinkirin da yake kashe mata masu haihuwa gida uku: jinkirin yanke shawarar fita neman taimako, da jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun ya fi ciwo, domin mutane sun riga sun yi nasu ƙoƙarin, sun ɗauko mace a kan babur ko amalanke, sun zo sun tarar da kwaɗo a ƙofa. Magidancin da haka ta taɓa faruwa da shi, da wuya ya sake kai iyalinsa can, kuma labari zai bazu a gari.

Girman abin da ake magana a kansa ba kaɗan ba ne. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2023 mata kimanin 75,000 suka rasu a Nijeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, wato fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 kuma ta gano cewa kashi 43 cikin 100 na haihuwa ne kawai ake yi a hannun ƙwararren ma'aikaci, a shiyyar Arewa maso Yamma ma adadin bai kai kashi 20 ba.

Ungozomomi 2,488 da alkawarin gwamnatoci uku

Nijeriya ta taɓa gwada maganin wannan matsala gadan-gadan, kuma labarin gwajin darasi ne mai zaman kansa. A ƙarshen 2009 Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, wadda Dokta Muhammad Ali Pate yake shugabanta a lokacin, ta ƙaddamar da Shirin Aikin Ungozomomi. An samo kuɗin ne daga rarar da ƙasar ta samu bayan yafe mata bashin ƙasashen waje a 2005. Aka tattaro ungozomomi iri uku: sababbin da suka gama makaranta, da waɗanda ba su da aikin yi, da waɗanda suka yi ritaya amma da sauran ƙarfinsu. A zangon farko an tura 2,488 zuwa ƙananan asibitoci 652 na karkara, aka haɗa kowaɗanne huɗu da babban asibiti guda inda za a riƙa miƙa matsalar da ta gagara. An shirya kowane asibiti ya sami ungozoma huɗu, domin su riƙa karɓa-karɓa dare da rana.

A kan takarda tsarin ya yi kyau ƙwarai. Gwamnatin tarayya za ta biya kowace ungozoma Naira 30,000 a wata, gwamnatin jiha ta ba da Naira 20,000, ƙaramar hukuma ta cika Naira 10,000 tare da samar da masauki. A nan ne gizo yake saƙar. An ɗora nauyin muhalli, wanda shi ne ƙashin bayan aikin dare, a kan gwamnatin da ta fi kowace rauni ta fuskar kuɗi. Rahotannin da suka biyo baya sun yi ta nanata abu guda: kason tarayya yana zuwa, ko da yake wani lokaci da jinkiri, amma jihohi da ƙananan hukumomi da yawa ba su cika nasu alkawarin ba, masaukin kuma a wurare da dama ko dai babu shi, ko kuma ba ya zaunuwa, ba ruwa, ba wuta, ba makewayi na kirki. Ungozomar da aka ɗauko daga wata jiha mai nisa, ba ta san kowa ba, wataƙila ma ba ta jin harshen garin, ga rabin kuɗinta bai zo ba, me zai zaunar da ita?

Da masana suka zo suka auna tasirin shirin bayan wasu shekaru, sai suka ga an ɗan sami ƙaruwar masu zuwa awon ciki a farkon lamarin, amma adadin matan da suke haihuwa a hannun ƙwararru bai wani motsa sosai ba. Gaskiya ne akwai wasu dalilai, kamar ƙarancin magani da wuta a asibitocin, da kuma al'adar fifita haihuwa a gida. Duk da haka, rashin biyan kuɗi a kan kari da rashin masauki nagari suna cikin abubuwan da su kansu ungozomomin suka fi kokawa da su, kuma su ne suka sa da yawa suka tattara nasu ya nasu. Ƙasa ta horar da ma'aikata, ta kai su inda ake buƙatarsu, ta kasa ba su wurin sa haƙarƙari.

Akasin wannan labari ya faru a arewacin Gana. A 1994 cibiyar binciken lafiya ta Navrongo ta fara wani gwaji a gundumar Kassena-Nankana. An ɗauke ma'aikatan jinya daga asibitocin da suke zaune suna jiran marasa lafiya, aka mayar da su cikin ƙauyuka. Mutanen gari ne da kansu suka gina musu gidaje da kayan ginin gargajiya, inda ɓangare guda ya zama ɗakin shan magani, ɗaya ɓangaren kuma makwancin ma'aikaciya, aka ba ta babur na zagaya gidaje. Cikin 'yan shekaru mace-macen ƙananan yara suka ragu matuƙa a yankunan da aka yi haka, har gwamnatin Gana ta mayar da tsarin manufar ƙasa. Magungunan da aka yi aiki da su ba sababbi ba ne. Abin da aka sauya shi ne inda mai ba da su take kwana.

Albashin wata, hayar shekara

Ma'aikacin lafiya a Nijeriya yana iya zama na tarayya, ko na jiha, ko na ƙaramar hukuma, ko na asibitin kuɗi, kuma kowane da irin tukunyarsa. Tun wajen 2009 zuwa 2010 gwamnatin tarayya take biyan likitocinta bisa tsarin albashi na CONMESS, sauran ma'aikatan lafiya kuma bisa CONHESS. Jihohi ba dole ba ne su bi wannan ma'auni, wasu sun ɗauke shi duka, wasu sun ɗauki wani kaso. Saboda haka ana iya samun nas biyu da suka gama makaranta rana ɗaya, suna aiki a gari ɗaya, amma albashinsu ya sha bamban. Wannan ne ya sa ƙaurar ma'aikata take gudana kamar ruwa a gangare: daga ƙauye zuwa birni, daga asibitin jiha zuwa asibitin koyarwa na tarayya, daga nan kuma sai Saudiyya ko Ingila ko Kanada. A 2024 Farfesa Pate, wanda a lokacin ya zama ministan lafiya, ya bayyana cewa likitoci kimanin 16,000 ne suka bar ƙasar cikin 'yan shekarun da suka gabata. Kowane gurbi da aka bari a sama, daga ƙasa ake janyo mai cike shi, ƙauye kuma ba shi da na ƙasa da shi da zai janyo.

Sai kuma batun darajar kuɗin kansa, wanda ya dace ɗalibin lissafi ya ɗauki alƙalami a kansa. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta kai wajen Naira 1,000. A watan Disamba na 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Ma'anar wannan ita ce, kayan da aka saya Naira 100 a Disambar 2023 sun koma Naira 134 da kwabo 80 bayan shekara guda. Idan aka raba 100,000 da 1.348 za a sami kimanin 74,000, wato mai albashin Naira 100,000 da ba a yi masa ƙari ba ya yi asarar rubu'in abin da kuɗinsa yake saye, ba tare da kowa ya taɓa masa ko sisi ba. An yi wa ma'aikatan lafiya na tarayya ƙarin albashi a 2023, an kuma ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 na 2019 zuwa Naira 70,000 a Yulin 2024, amma ƙari irin wannan a bayan farashi yake tafiya, ba ya cim masa. Alawus ɗin hatsarin aiki ma, wanda ake biya saboda cututtuka irin su zazzaɓin Lassa da tarin fuka da ma'aikaci yake cuɗanya da su kullum, ya daɗe a kan Naira 5,000 a wata kafin a sake duba shi a ƙarshen 2021.

Haya kuma tana da nata sha'anin. Albashi wata-wata yake zuwa, amma a yawancin biranen Nijeriya mai gida kuɗin shekara yake so a dunƙule, ga la'adar dillali a kai. Sabon ma'aikacin da aka tura garin da ba shi da kowa, ana buƙatar ya biya hayar wata 12 tun kafin ya ga albashinsa na farko, wanda shi ma yakan ɗauki watanni kafin ya fara fitowa. Masana tattalin arziki suna da wani ma'auni da suka saba amfani da shi: gidan da yake kashe fiye da kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu a kan muhalli, to muhallin ya yi masa nauyi. Wanda ya ga haya ta yi tsada kusa da asibiti yakan koma bayan gari inda take da sauƙi, sai dai abin da ya tsira da shi a hannun mai gida, mai A-daidaita-sahu ne zai karɓe. A ƙaddara kuɗin zuwa da dawowa Naira 1,500 ne a rana. A kwana 22 na aiki ya zama Naira 33,000 a wata, kusan Naira 400,000 ke nan a shekara, ban da awannin da aka ɓatar a hanya.

Yaya ake cike giɓin? Da adashi, da rancen ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata, da bashin banki da ake zara daga albashi tun kafin ya iso hannu. Akwai Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, inda ake cire wa ma'aikacin gwamnati kashi 2.5 cikin 100 domin ya cancanci rancen gina gida, amma sharuɗɗan, musamman na takardar mallakar fili, sukan gagari ƙaramin ma'aikaci. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce aiki na biyu: a tashi daga asibitin gwamnati a wuce na kuɗi a kwana, ko a buɗe ɗan kantin magani a unguwa. Ta nan ne matsalar aljihu take rikiɗewa ta zama matsalar barci.

Abin da gajiya da bashi suke yi wa ƙwaƙwalwa

A 1997 wasu masana biyu a Ostareliya, Dawson da Reid, suka gwada yadda rashin barci yake shafar haɗin kan ido da hannu. Sun gano cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, rauninsa ya yi daidai da na wanda barasa ta kai kashi 0.05 cikin 100 a jininsa, matakin da dokar ƙasashe da yawa ta hana tuƙi da shi. A awa 24 raunin ya ninka. A 2004 kuma wani bincike a birnin Boston na Amurka ya nuna cewa sababbin likitocin da suke yin aikin awa 24 ko fiye a jere sun tafka manyan kurakurai da suka ɗara na lokacin da aka rage musu awanni da kimanin kashi 36 cikin 100. Aikin asibiti kuwa cike yake da ƙananan lissafai masu hatsari: nauyin yaro kaza, magani miligiram kaza a kowane kilo, ɗigo kaza a minti. Ɗigon lissafi guda ya goce, magani ya ninka sau goma.

Damuwar kuɗi ma, ko da mutum ya yi barci, tana da nata harajin. A 2013 mujallar Science ta buga binciken da Anandi Mani da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da Jiaying Zhao suka yi a kan manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya. Waɗannan manoma sau ɗaya suke samun kuɗi a shekara, don haka kafin girbi suna cikin bashi da jingina, bayan girbi kuma aljihu ya yi nauyi. Da aka yi musu jarrabawar kaifin tunani a lokutan biyu, sai ga shi mutum ɗaya ya fi ƙoƙari bayan girbi. Bayanin masanan shi ne, hankalin ɗan Adam yana da iyakar abin da yake iya riƙewa a lokaci guda, tunanin bashi kuma yakan mamaye wani sashe nasa. Ba duk masana ne suka gamsu ba, domin wani bincike da aka yi a Amurka a 2016, kafin ranar albashi da bayanta, bai ga irin wannan bambanci ba. Amma wani gwaji na baya a jihar Odisha ta Indiya ya ƙarfafa maganar: leburorin da suke ɗinka faranti da ganye, da aka ba wasunsu wani kaso na ladansu da wuri suka biya bashi, aikinsu ya ƙaru da kimanin kashi 7 cikin 100, kurakuransu kuma suka ragu. Manoma ne da leburori aka gwada, ba ma'aikatan jinya ba, sai dai ƙwaƙwalwar iri ɗaya ce. Abin lura a gwajin Odisha shi ne, ba a ƙara wa kowa lada ba, lokacin biya kawai aka matso da shi. Wanda ya tuna yadda jihohi da dama suka riƙe albashin ma'aikata na watanni a 2015 da 2016 zai gane inda zancen ya dosa.

Kwatas, haya, ko gidan gado

Iyaye da kakanni sun san lokacin da kusan kowane babban asibiti yake da kwatas ɗinsa. Wannan daɗaɗɗiyar al'ada ce a aikin likita. Sunan da Turawa suke kiran sabon likita mai shekarar gwaji da shi yana nufin jami'in cikin gida, wanda suke kiran likita mai neman ƙwarewa da shi kuma yana nufin mazauni, domin a da a cikin asibitin suke kwana su tashi. Amma yawan ma'aikata ya zarce gidajen, tsofaffin sun lalace, tun daga 2003 kuma gwamnatin tarayya ta karkata ga mayar da alfarmomin ma'aikata, har da gida, zuwa kuɗi a cikin albashi. Kuɗin kuwa hauhawar farashi tana cinye shi, abin da ba ta iya yi wa ɗaki.

Zaman kwatas ba shi ne aljannar duniya ba. Wanda yake kwana a harabar asibiti ba shi da hutu na sosai, ko ba shi ne da aiki ba za a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Akwai kuma batun tsaro, wanda ya zama babba a Arewa: ungozomomi biyu masu aiki da ƙungiyar Red Cross da aka sace a garin Rann na jihar Borno a Maris na 2018, an kashe su a cikin wannan shekarar, satar mutane don kuɗin fansa kuma ta sa ma'aikata da dama a Arewa maso Yamma sun ƙaurace wa kwanan ƙauye. Ɗaki ba katanga, ba fitila, ba maigadi, ba za a kira shi masauki ba.

Wanda aka bari a garinsu yana zaune a gidan gado ya huta da haya, matar da take aikin dare kuma tana da kaka ko goggo da za ta bar wa yara. Wannan babbar riba ce da ba ta fitowa a takardar albashi. Amma gidan yawa ba ya yin shiru da hantsi domin wani ya kwana a asibiti yana son ramuwar barci, kuma malamin asibiti a cikin dangi shi ne likitan kowa, shi ne kuma mai sayen maganin da ya rubuta.

Ga mata lamarin ya fi sarƙaƙiya, kuma su ake nema ruwa a jallo, tun da yake mata da yawa a Arewa ba sa yarda namiji ya karɓi haihuwarsu. Iyaye ba sa sakin jiki budurwa ta je ta zauna ita kaɗai a garin da ba su da kowa, matar aure kuma tana da miji da sana'arsa da yara da makarantarsu. Shi ya sa shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010, ta kuma sabunta a 2021, a kan yadda za a riƙe ma'aikata a karkara ba su tsaya ga ƙarin kuɗi ba. Sun haɗa da kyautata muhalli da ruwa da wuta da makarantar yara, sun kuma ba da ƙarfi ga ɗaukar ɗalibai 'yan asalin karkara, domin shaidu daga ƙasashe da yawa sun nuna su ne suka fi komawa gida su yi aiki. Wannan dabara aka bi a shirin Mata Domin Lafiya, wanda gwamnatin Birtaniya ta tallafa wa daga 2012 zuwa 2020 a jihohin Jigawa da Kano da Katsina da Yobe da Zamfara, daga baya aka ƙara da Borno. Al'umma ce take zaɓo 'yarta, a ba ta shekarar share fage ta cike darussan kimiyyar da ta rasa a sakandare, ta shiga makarantar ungozoma ko ta jinya, bisa alkawarin za ta dawo ta yi wa garinsu aiki. A makarantun an tanadi masaukin matan aure da ɗakin renon jarirai. 'Yar gari ba ta buƙatar dillali, kuma ko da tsakar dare an san ƙofar da za a buga. Ɗalibar ƙauye da take fama da darasin kimiyyar sinadarai a aji biyar na sakandare ta sani cewa irinta ake nema.

Ta fuskar doka, hanyar kuɗi tana nan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, ta kuma keɓe kashi 15 na asusun ga gine-gine da kayan aiki da sufuri, kashi 10 ga bunƙasa ma'aikata. A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ko da yake har shekarar 2025 ta shigo ana ta ja-in-ja a kan yadda za a aiwatar. Su ne dai gwamnatocin da aka ɗora wa masaukin ungozomomi a 2009.

Ƙungiyar kimiyya ta kowace makaranta tana iya auna wannan al'amari a garinta ba tare da na'ura ba. Da izinin shugaban makaranta da na mai kula da asibitin, ɗalibai su ziyarci ƙaramin asibiti mafi kusa, su rubuta ma'aikata nawa ne, nawa ne daga cikinsu suke kwana a harabar ko a cikin gari, kowane kuma minti nawa yake ɗauka kafin ya iso da rani, nawa da damina. Sa'an nan su nemi a duba musu littafin rajistar haihuwa na wata 6, ba tare da an ɗauki sunan kowa ba, a ƙirga nawa aka karɓa tsakanin ƙarfe 8 na safe da 4 na yamma, nawa kuma aka karɓa a sauran awa 16.